Ibadar Bakin Murhu da Bakin Awo

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta taso daga Damagaram ta nufi kudu, ta ratsa fadamun Korama inda rake da rogo suke tsaye kore shar ko da rani ya tsananta, ta bi ta Bande har ta faɗa Magarya, tafiyar kimanin kilomita 90, ya san ya shiga ƙasar da Musulunci ya daɗe da kafa turaku a cikinta, ƙasar da ba a rasa hayaƙin tsangaya da almuru, ba a kuma rasa kiran salla da assalatu, ko da a ƙauyen da bai wuce gida goma ba. Magarya da Dungas, waɗanda gunduma guda ce kafin a raba su a shekarar 2011, sun haura mutum dubu 900 a ƙidayar 2012, kuma ƙidayar nan ta nuna cewa Kiristocin Nijar baki ɗaya, a haɗa kowace ɗarika, ba su kai ɗaya bisa ɗari na jama'ar ƙasa ba. A cikin wannan ɗan ƙanƙanen adadi ake samun 'yan ɗarikar Katolika, masu bin Paparoma, waɗanda mutum zai iya shekara yana sayen magani ko gyaran babur a hannun ɗayansu bai san abin da yake cikin zuciyarsa game da Ubangiji ba.

Akasarinsu baƙi ne ko 'ya'yan baƙi, waɗanda kakanninsu suka zo daga Dahome, wato Benin ta yau, da Togo da Burkina Faso tun zamanin da Faransawa suke neman akawuna da malaman lakwal, sai 'yan kasuwa da makanikai daga kudancin Nijeriya, da 'yan ƙasa ƙalilan da aikin gwamnati ya jefo daga yamma, daga Dogon Dutsi ko ƙasar Gurmawa. A Yamai aka kafa mishan ɗinsu ta farko a 1931, bayan masu wa'azin SIM sun riga su sauka a Damagaram tun 1924, suka kuma kafa tasha a Dungas daga baya. Mutanenmu sukan haɗa su a ce duk 'yan mishan ne, alhali kuwa ɗarika daban, shugabanci daban. A 2001 aka yanke gabashin ƙasa aka yi masa bishop nasa a Maraɗi, Ambroise Ouédraogo mutumin Burkina Faso shi ne na farko, aka ɗora masa jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram da Agadas da Diffa, faɗin ƙasar da ya kusa ninka Faransa biyu, da limamai 'yan kaɗan waɗanda suke kira Fada. Babbar majami'ar jihar Damagaram a cikin birnin take, saboda haka wanda aiki ya kai shi Gushi ko Malawa ko Dogo-Dogo yana iya ƙirga makonni, har ma watanni idan damina ta yanke hanya, bai halarci Mas ba, wadda ita ce uwar ibadarsu.

To, a nan mas'alar take. Musulmin Magarya jama'a ce take ɗauke da shi a kan addininsa, ko ya sani ko bai sani ba: ladan ne yake tashinsa, maƙwabci ne yake ƙwanƙwasa masa ƙofa da sahur, idan kuwa ya yi nawa ranar Juma'a, kunyar idon mutane kaɗai ta isa ta kai shi masallaci. Shi kuwa ɗan Katolikan da yake zaune shi kaɗai a ƙauye ba shi da ƙararrawa, ba shi da sahu, wataƙila ma Lahadinsa ranar kasuwa ce, in ya bar addu'a shekara guda babu mai ce masa don me. Da me zai riƙe addininsa? Amsar da malamansu suka bayar, tun ƙarnoni kafin a san za a yi Kirista a Dungas, ita ce yinin mutum kansa, daga buɗe ido zuwa rufe shi, wurin ibada ne, kuma sana'ar da yake ci da ita, muddin an gyara mata niyya, tana hawa mizani kamar yadda addu'a take hawa. Na san mai karatu Musulmi zai ce ai wannan ba baƙon zance ba ne a wurinmu, tun da yaron da ya fara Arba'una Hadisi da maganar niyya ake buɗe masa littafi. Gaskiya ne, kuma wannan kusanci shi ne ma dalilin da ya sa na ga dacewar a bayyana yadda su suke fahimtar al'amarin, domin maƙwabcin da ka san abin da yake tsoro da abin da yake kwaɗayi wurin Allah ya fi sauƙin zama da kai bisa wanda ka san sunansa kawai.

Na fara lura da wannan ne shekarun baya, sa'ad da na yi zaman haya a wani gari tsakanin Magarya da Dungas, gida ɗaya da wani ma'aikacin jinya mutumin Dogon Dutsi, Bahaushe kamar kowa a harshe da tufafi, ɗan Katolika tun daga kakansa. Zana ce kawai tsakanin ƙofata da tasa. Kullum idan na dawo daga sallar Asuba nakan tarar da shi a kan tabarma, ya wanke fuska, ya taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu biyu da hannun dama, wadda ita ce alamar gicciye da suke buɗe kowace addu'a da ita, ya yi 'yan kalmomi a hankali waɗanda ba su kai tsawon tafasar shayi ba, sa'an nan ya tashi ya ɗauki farar rigarsa. Wata rana na gaza haƙuri na tambaye shi, ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai ba wata doguwar addu'a ba ce. Yinin nake miƙa wa Ubangiji tun ban ɓata shi ba. Allurar da zan yi, da gajiyar da zan sha, da wanda zai zage ni a bakin aiki, duk na ce na ba shi. In ya so, da dare mu yi lissafi."

Wannan magana da ya faɗa a tsaye yana ɗaura agogo tana da sanadi mai tsawo a wurin malamansu. Akwai wani bishop na birnin Jeniba mai suna Faransis na Sales, wanda a shekarar 1609 ya fitar da littafi a kan rayuwar taƙawa, asalinsa nasihohi ne da yake rubuta wa wata matar aure, kuma a zamaninsa mutane da yawa sun ɗauka cewa tsarkaka sai ga wanda ya bar duniya ya shiga gidan zuhudu ya rufe ƙofa. Shi kuwa ya ce wannan ɓata ce, taƙawa tana da mazauni a barikin soja da rumfar mai sana'a da fadar sarki da ɗakin ma'aurata, illa dai kowa da irin wadda ta dace da matsayinsa, kuma duk taƙawar da ta lalata wa mutum aikin da ya wajaba a kansa, to, ta jabu ce. A mai da maganarsa ƙasarmu: magidancin da ya bar gonarsa ga ciyawa a tsakiyar watan Yuli ya shiga halwa, iyalinsa suka wayi gari da rani babu ko dami ɗaya a rumbu, bai kusanci Allah da halwar nan ba. An ɗauki fiye da shekara 350 kafin wannan fahimta ta zama matsayar ɗarikar a hukumance, sa'ad da babban taron bishop-bishop fiye da dubu biyu da aka yi a Batikan daga 1962 zuwa 1965 ya zartar cewa kira zuwa ga tsarkaka ya hau kan kowane mai bi, Fada ne ko manomi. Paparoma Faransis kuma ya sake jaddada ta a wata wasiƙa ta 2018, inda ya buga misali da matar da ta tafi cefane ta gamu da maƙwabciya, hira ta gangara zuwa gulma, ta kame bakinta, ya ce wannan kamewar mataki ce a hanyar waliyyai.

Amma mutum biyu da na fi jin sunansu a bakin maƙwabcina ba bishop ba ne, ba kuma masu littattafai manya ba. Na farko wani tsohon soja ne gurgu, Nicolas Herman, wanda aka fi sani da Ɗan'uwa Loran, ya shiga gidan zuhudu a birnin Paris aka tura shi madafa, aikin da shi da bakinsa ya ce ransa ba ya so, ya shekara goma sha biyar tsakanin tukwane da hayaƙi, da ƙafa ta gaza aka mai da shi gyaran takalma har ya rasu a 1691. Abin da ya bari shi ne ɗabi'ar tuna cewa Allah yana nan a halarce, a riƙa juyo da zuciya gare shi a tsakiyar aiki da 'yar gajeruwar kalma, har ya zama cewa lokacin da mutane suke kiransa ta ko'ina a madafa bai bambanta a wurinsa da lokacin da ya durƙusa a majami'a ba. Malamanmu na tasawwufi za su ce muraƙaba ke nan, kuma ba su yi nisa da gaskiya ba.

Ta biyu yarinya ce, Tereza ta garin Lisieux a Faransa, wadda majami'ar Katolika ta Damagaram take ɗauke da sunanta. Ta shiga gidan zuhudu tana da shekara 15, tarin fuka ya kashe ta a 1897 tana da 24, ba ta gina makaranta ba, ba ta yi wa'azi a dandali ba, ba ta ƙetare ƙofar gidan ba tun da ta shiga, amma a 1925 aka sanya ta cikin waliyyai, bayan shekara biyu kuma aka naɗa ta majiɓinciyar masu aikin mishan na duniya duka. Abin da ta kira ƙaramar hanya shi ne mutum ya yarda cewa manyan ayyuka sun fi ƙarfinsa, ya kama ƙananan da suke gabansa ya yi su da cikakkiyar ƙauna, ba tare da neman a gani ba. Ta ba da labarin wata 'yar'uwa da take fantsama mata ruwan dauɗa a fuska wurin wanki ba da saninta ba, ta danne zuciyarta ba ta ko goge fuskar a gabanta ba don kada ta kunyata ta. Da wata tsohuwa mai mita da take rakawa wurin cin abinci kowace maraice, in ta yi sauri a ce ta yi sauri, in ta yi sannu a ce ta yi sannu, ita kuwa ta ƙare hidimar da murmushi. Mai karatu na iya cewa wannan ai wasan yara ne a kira shi waliyyantaka. Ni ma haka na ce da farko. Sai da na tuna cewa na san mutanen da za su iya azumin Litinin da Alhamis shekara goma, amma ba za su iya haɗiye kalma ɗaya ba idan kishiya ko abokin gaba ya taka su, sa'an nan na gane cewa yarinyar nan ta san inda nafsu take ɓuya. Da yayyafi kogi kan cika, in ji Hausawa, kuma riya ba ta cika samun abin ci a cikin aikin da babu wanda ya san an yi shi ba.

Inda na ga wannan karatu ya sauka ƙasa shi ne a ƙarshen damina. Kowa a yankin nan ya san abin da watannin Agusta zuwa Oktoba suke zuwa da shi, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, sauro kuma ya yi yawa, zazzaɓin cizon sauro da tamowa su haɗu a kan yara. Sashen yara na asibitin Magarya, inda likitocin MSF suke aiki tun 2005, yakan cika da ɗaruruwan yara a lokaci guda. A ɗan ƙaramin ɗakin shan maganin da maƙwabcina yake aiki, mata sukan yi layi tun kafin rana ta fito, kowace da goyo, wasu sun sauko daga amalanke bayan tafiyar dare. Na taɓa kai masa saƙo na tsaya ina kallo: ya ɗaura wa yaro ɗan ma'aunin nan mai launi uku a damtse, ya ga ya faɗa ja, ya buɗe fatar idonsa ya ga ta yi fari fat, ya soki ɗan yatsa ya ɗiga jini a kan abin gwaji, duk wannan yana tambayar uwar sunan yaron, yana kuma kiransa da sunan, ko da yake yaro na sittin ke nan tun safe. Na tambaye shi daga baya me ya sa yake ɓata lokaci wurin tambayar suna, tun da takarda tana da lamba. Ya ce a Linjila Almasihu ya faɗa cewa abin da aka yi wa mayunwaci da majinyaci da baƙo da ɗan kurkuku shi aka yi wa, kuma da wannan za a yi wa mutane hisabi. Ya ce to, in haka ne, ba ya so ya tsaya ranar nan a ce masa an zo wurinsa ya kira mutum da lamba.

Ba wai ba su da addu'o'i masu lokaci ba. Akwai wadda suke yi sau uku a yini, da ƙarfe shida na safe da tsakar rana da shida na yamma, ta tunawa da busharar da mala'ika Jibrilu ya kawo wa Maryamu. A ƙasashen da suke da yawa ƙararrawa ce take sanar da ita, a Dungas kuwa sai dai agogon waya, kuma maƙwabcina ya ce shi kiran sallar Magariba ne yake tuna masa da ta yamma. Akwai addu'a kafin cin abinci da bayansa. Akwai kuma carbinsu da suke kira rosari, mai gida biyar, kowane gida ƙwaya goma, ana ja ana bibiyar rayuwar Almasihu a zuci daki-daki, tun daga busharar haihuwarsa. Fada Pier Luigi Maccalli, ɗan Italiya da 'yan bindiga suka sace a Bomoanga ta ƙasar Gurmawa a watan Satumba na 2018, suka riƙe shi a sahara fiye da shekara biyu, ya faɗa bayan an sako shi cewa ba shi da littafi, ba shi da majami'a, sai ya ƙulla ƙyalle ya yi carbi, da shi ya riƙe hankalinsa har Allah ya kawo mafita.

Lissafin daren da ya ambata kuwa shi ne abin da ya fi kama hankalina. Asalin tsarinsa daga Ignatiyus na Loyola ne, sojan Sifen da harsashin igwa ya karya wa ƙafa a 1521, ya tuba a kan gadon jinya, ya rasu a 1556, wanda ya hori almajiransa da cewa ko wace ibada ta kuɓuce musu saboda aiki, kada wannan ta kuɓuce. Mutum zai zauna kamar rubu'in sa'a, ya fara da godiya a kan ni'imomin yinin, yana ambatonsu ɗaya-ɗaya, ya roƙi haske don ya ga kansa yadda yake, sa'an nan ya bi yinin sa'a bayan sa'a, tunani da magana da aiki, ya nemi gafara inda ya zame, ya ƙulla azama a kan abu guda da zai gyara gobe. Wanda ya karanta Ihya'u na Imamu Gazali zai tuna babin muhasaba, da yadda aka kwatanta rai da abokin kasuwanci wanda ake gindaya wa sharaɗi da safe a bi shi lissafi da yamma, kuma Harisu Muhasibi na Bagadaza, wanda ya rasu a 857, daga wannan ɗabi'a ya samo laƙabinsa. Hikimar fara wa da godiya, a ganina, ita ce wanda ya fara da zunubansa yakan ƙare da ɗebe tsammani ko da ƙirƙiro wa kansa uzuri, wanda kuwa ya fara da ƙirga alherin da aka yi masa, kunya ce take kai shi ga tuba.

Wani dare na ji motsinsa ya daɗe bai kwanta ba, da safe kuma na ga ya fita da wuri ba ta hanyar aiki ba. Ashe jiya da yamma wata mata ta kawo yaro jiki ya riga ya yi nisa, bayan an sha jiƙo an yi turare kwana huɗu, gajiya ta sa ya daka mata tsawa a gaban mutane, ya ce sai da suka kashe shi suka kawo. Da ya zauna lissafi abin ya tsaya masa a wuya, domin ya tuna ba ita take da kuɗin amalanke ba, ba ita take da izinin fita ba. Ya je har inda suka sauka, ya durƙusa ya gaida mijin, ya ce wa matar, "Baiwar Allah, jiya na yi miki magana marar daɗi, ki yafe mini." Ita kam kunya ta kama ta, ta ja mayafi ta rufe fuska, don ba ta taɓa jin inda likita ya ba talaka haƙuri ba.

Wannan ya kawo mu ga mu'amala, inda addinin kowa yake fallasa. A ƙa'idarsu wajibi ne mai bi ya je gaban Fada ya furta manyan zunubansa aƙalla sau ɗaya a shekara, dokar da aka kafa tun 1215, kuma Fada ba shi da ikon faɗa wa kowa abin da ya ji ko da za a kashe shi. Mu Musulmi ba mu yarda da tsani tsakanin bawa da Ubangijinsa wurin tuba ba, wannan sananne ne. Amma akwai sharaɗi guda a ciki da ya yi daidai da abin da fiƙihunmu ya ce a kan haƙƙin bayi: wanda ya ci dukiyar wani, tubarsa ba ta cika sai ya mayar, wanda ya ɓata sunan wani sai ya gyara. Saboda haka 'yar Katolikan da take awon gero ko riɗi a kasuwa, idan ta bugi gindin tiyarta ya lotsa don ta rage awo, ko makaniken da ya sa wa babur tsohon ƙarfe ya karɓi kuɗin sabo, ba su da wata mafaka a cikin yawan zuwa coci. Azuminsu na kwana arba'in kafin Ista, wanda yake farawa ranar Larabar Toka, sassauƙa ne idan an gwada shi da Ramadan, tun da ana shan ruwa, kwana biyu ne kawai ake taƙaita abinci zuwa ci ɗaya mai ƙoshi, sai barin nama kowace Juma'a, kuma abokan wasa ba sa barin tsokanarsu a kan haka. Sai dai an so kowa ya zaɓi abin da ransa ya fi so ya bari, ya ba matalauci kuɗin da ya rage. A 2025 azumin biyu sun faɗo tare a watan Maris, 'yan kwanaki ne tsakanin farawarsu.

Ga wanda yake zaune a tsakiyar Musulmi kuwa, babu misalin da limamansu na Sahel suka fi komawa gare shi kamar Charles de Foucauld. Hafsan sojan Faransa ne, ɗan masu dukiya, wanda ya yi ƙuruciyar shashanci ya bar addini, sai tafiyar da ya yi a Maroko a 1883 da 1884 ta nuna masa mutanen da suke tsayar da komai su fuskanci alƙibla, ganin sallar Musulmi ya girgiza shi, ya koma ga addinin iyayensa a 1886. Abin da ya cika masa zuciya shi ne cewa Almasihu, bisa ga Linjila, ya yi kimanin shekara talatin a Nazarat yana sassaƙa a gidan Yusufu da Maryamu, babu wa'azi, babu mu'ujiza, shekara uku kacal ya yi yana karantarwa. Ya ce ashe mafi yawan rayuwar wanda suke bi zaman gida ce da sana'a da maƙwabtaka. Ya zauna a Tamanrasset cikin Buzaye tun 1905, ya tattara ƙamus na Tamashek mai juzu'i huɗu, ya raba abincinsa da su a shekarar fari, da ya kwanta ciwo kuma su suka nemo nonon awaki suka yi jinyarsa. An kashe shi ranar 1 ga Disamba 1916, a watan da Kawusan, jagoran Buzaye, ya yi wa Agadas ƙawanya, aka sanya shi cikin waliyyai a 2022. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba cewa mutumin nan abokin hafsoshin mulkin mallaka ne, yana rubuta musu wasiƙu, yana kuma fatan tutar Faransa ta tabbata a sahara, wanda duk ya ce Buzaye suna da dalilin yi masa kallon biyu bai yi ƙarya ba. Amma 'yan'uwa mata da suka bi sawunsa, ƙungiyar da aka kafa a Aljeriya a 1939, sun zo Nijar sun zauna a bukkoki da tantuna kamar na maƙwabtansu, suna ɗiban ruwa a rijiya ɗaya da su, kuma wannan fuska ta gadonsa ita ce ta rayu.

Kada wani ya fahimci cewa ina cewa addinan biyu ɗaya ne. Su suna cewa Almasihu Ɗan Allah ne, an gicciye shi ya tashi. Mu muna cewa Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bawa ne kuma manzo, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, kuma wannan saɓani ne na aƙida wanda ladabi ba ya shafe shi. Su ma ba su ɓoye shi ba, sai dai a takardar da taron Batikan ya fitar ranar 28 ga Oktoba 1965 sun rubuta cewa suna duban Musulmi da girmamawa, saboda suna bauta wa Allah ɗaya, suna girmama Maryamu, suna jiran ranar sakamako, suna riƙe da salla da zakka da azumi. Wannan girmamawa ta sha jarrabawa mai tsanani ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, sa'ad da zanga-zangar ƙin zanen ɓatancin da wata jaridar Faransa ta buga ta rikiɗe a Damagaram, aka ƙone majami'u, har da ta Katolika da makarantar sistoci, washegari wutar ta kama Yamai, mutum goma suka rasu a kwana biyu, ɗaruruwan Kiristoci suka fake a barikin soja. Zanen nan ya ƙona zuciyar kowane Musulmi, amma ba malamar lakwal ta Damagaram ce ta zana shi ba, kuma kwana ɗaya kafin wannan Paparoma da kansa ya faɗa wa 'yan jarida cewa ba daidai ba ne a yi izgili da addinin mutane. An samu Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu a cikin ɗakunansu ranar nan, bishop-bishop ɗin ƙasar kuma suka kira mabiyansu zuwa ga yafewa. Yafewa a takarda abu ne mai sauƙi. Wahalarta tana wurin wanda zai koma kasuwa ranar Litinin ya sayi tumatir a hannun yaron da ya gani da galan ɗin fetur, kuma a nan ne ƙaramar hanyar Tereza take daina zama labarin ruwan wanki.

Mai gidan da muke haya wata tsohuwa ce da kowa yake kira Iya, mai yawan tasbihi, wadda ba ta taɓa yarda cewa mutumin kirki kamar maƙwabcina zai mutu bai yi kalmar shahada ba. Ranar Layya takan aika masa da cinya guda, shi kuma ranar Kirsimeti ya sa a dafa shinkafa da kajin da ya kai wa mahaucin unguwa ya yanka, don ya san ba za ta ci yankan da ba ta amince da shi ba. A shekarar da zan bar garin zazzaɓi ya kwantar da ita, ya dawo daga aiki bayan Lisha ko rigar bai cire ba, ya rataya ledar ƙarin ruwa a ƙusar da take rataya carbinta, ya nemi jijiya a hannun nan da ya yanƙwane yana haskawa da fitilar waya, ni ina riƙe masa. Da allurar ta shiga ta buɗe ido ta dube shi, ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, Allah ya nuna maka gaskiya kafin ka mutu."

Ya ce, "Amin, Iya. Kada ki motsa hannun."

Sa'an nan ya jawo kujerar tsugunne ya zauna, ya ɗaga agogonsa kusa da fitila yana ƙirga ɗigon ruwan.